Wasiƙar Sallah daga Birmingham

Assalamu alaikum Baba,

Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. A gaishe mini da Inna da yara. Goron Sallarsu yana hannun Yaya, kada ya ce bai gani ba.

Mu nan Sallah biyu aka yi a gari ɗaya. Mu masu bin ganin watan Saudiyya mun sauko Idi ranar Lahadi a filin Small Heath. Maƙwabcina ɗan Fakistan kuwa, masallacinsu Maroko suke bi, sai ya wuni da azumi. Na kai masa abinci ya ajiye sai magariba, washegari shi ma ya aiko mini da nasa. Babu Sarkin Musulmin da zai raba mana gardama, haka muka ci shinkafar juna.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. A goman ƙarshe ina sahu, na damana ɗan Somaliya ya yi ƙabalu, na haguna wani dattijo ɗan Senegal ya saki hannu, sak irin tsayuwarka. Da aka sallame ya zaro carbi yana jan Salatil Fatihi a hankali. Wallahi Baba, sai na ji ni a zaurenmu bayan la'asar, farin ƙyalle a shimfiɗe, muryarka tana gaba. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Ka tuna shekarun da na daina zama wazifa, ina shigowa da littattafai ina ɗaga maka murya? Cewa kawai kake yi, "Ka ci abinci tukuna." A lokacin na ɗauka hujja ce ta ƙare maka.

Ba zan yi maka ƙarya ba, fahimtata tana nan, har yau ƙabalu nake yi, kuma da zan dawo gobe ba lallai in zauna wazifar ba. Sai dai duk abin da na sani na kunya da tsai da salla, a gefen wannan ƙyallen na koya. Na yi ta neman in zubar da ɗaya in huta, abin ya gagara, na ƙyale su tare a ƙirjina.

Dattijon ba ya jin Hausa, ni ba na jin Wolof. Duk da haka ranar Juma'a yanzu shi ke kama mini wuri.

Ka yafe mini, Baba. Auta kuma ya turo mini hotunan hawan Daushe, ya daina rowa.

Ɗanka