Wasiƙa zuwa ga Baba a kan hoton yara

Kolombus, Jihar Ohayo, Amurka
3 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida, ina sanar da ku cewa mu ma muna nan lafiya, sai sanyi da ya fara shigowa. Yaya ya gaya mini cewa hoton yaran ya iso gare ku, kuma kun daɗe kuna kallonsa ba ku ce komai ba, sannan kuka tambaya ko wane irin biki ne wannan da aka sa wa mai sunanku kayan zaki. Na san irin wannan shirun naku, Baba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto bayani a tsanake.

Sunan bikin Halowin, ana yin sa ranar 31 ga Oktoba, a tsakiyar kakar nan ƙasar, lokacin da ganyen itatuwa ke komawa ja da ruwan ɗorawa yana zuba. Asalinsa daga ƙasashen Ailan da Sikotilan ne, inda a zamanin da mutane suke bikin ƙarshen girbi da shigowar hunturu, suna ɗaukar cewa a wannan dare matattu kan kusanto masu rai, daga baya kuma ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci, wadda ake yi ranar 1 ga Nuwamba. Mutanen Ailan da yunwar shekarun 1840 ta koro su ne suka ƙarfafa shi a Amurka. Ba zan ɓoye muku wannan tushe ba, domin shi ne ya fi damuna, ko da yake yawancin maƙwabtanmu ba su san shi ba, abin da suka sani kawai shi ne yara su yi shigar burtu, su bi gida-gida suna karɓar alewa.

Bara mun kashe fitilar ƙofar gida, domin a nan fitila a kunne alama ce ta cewa ana maraba da yara, wanda ya kashe kuwa ba a ƙwanƙwasa masa. Mai sunanku, yana ɗan shekara biyar a lokacin, ya tsaya a jikin taga ya ɗaga labule kaɗan yana kallon 'yan ajinsu suna wucewa da bokitai. Bai yi kuka ba, sai dai ya juyo ya tambaye ni ko laifi muka yi wa mutanen unguwa. Na shekara wannan tambaya tana yi mini yawo a zuci.

Limaminmu ya yi huɗuba ya ce a guji bikin, kuma akwai iyalai da dama da kan kai 'ya'yansu masallaci a daren, a yi musu wasanni a raba musu alewa a can. Ina ganin girman wannan ra'ayi ƙwarai. Bana ni da mahaifinsu mun yi shawara mai tsawo, muka tsaya a kan iyaka: babu shigar fatalwa ko mayya ko ƙwarangwal, babu adon kaburburan roba da saƙar gizo irin wanda ake jerawa a ƙofar gidaje, kuma ba za su wuce layinmu ba. Mai sunanku ya zaɓi zaki, amaryarku kuma ta ce ita likita ce, na ɗinka mata farar riga da tsohon zanin gado. Hukumar gari kan ware daga ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma, magariba kuwa tana faɗowa wajen 6 da rabi, saboda haka sai da muka yi salla, na tofa musu addu'a, sannan muka fita da rigunan sanyi a ƙarƙashin kayan wasan.

Gida tara muka shiga. A na huɗu akwai wata tsohuwa Baturiya da mijinta ya rasu, wadda shekara uku ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga hannu daga nesa. Ashe tun mako guda kafin ranar ta tambayi mahaifinsu abin da yaranmu ba sa ci, ta ware musu cakulan a wata 'yar jaka daban. Ta durƙusa da kyar, tana dafe da ƙofa, ta miƙa wa amaryarku hannu wai likita ta duba ta, yarinyar kuwa ta kama hannun da gaske tana saurare. Da muka dawo na zazzage bokitan a kan tabarma, na karanta bayan kowace leda, na fitar da duk mai jelatin, wato sinadarin danƙo da galibi ake samu daga fata da ƙashin alade, na kuma zubar da duk wadda bakinta ke buɗe.

Kabewar da kuka gani a hoton daga gona muka sayo ta. A nan ana rarake ta a yanka mata idanu da baki a sa kyandir a ciki, har akwai garin Circleville kudu da mu, inda ake bikin kabewa tun 1903. Tamu ba mu yanka mata fuska ba, miyar taushe na yi da ita, ko da yake ruwa ya yi mata yawa, ba ta kama ƙafar ta gida ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a daren, Baba, shi ne tashe. Ina tsaye a bakin titi ina kallon yara da fitilu a hannu, sai na tuna goma ga azumi, samari da gemun auduga da tsumma a ciki suna tsayawa a ƙofar zaurenmu, ku kuma kuna sa a ɗebo musu gero ko ku ba su 'yan kuɗi. Wancan yana da wa'azi da hannunka-mai-sanda a cikin raha, wannan kuwa alewa ce kawai. Jikokinku ba su taɓa ganin tashe ba, kuma azumi yanzu yana faɗowa suna tsakiyar karatu, ba damar in kawo su.

Ban ce abin da muka yi shi ne daidai ba, shawararku nake nema, kuma idan kun ga mu bari, baɗi masallaci za mu kai su. Ina kuma roƙon a gaya wa Yaya, idan Allah ya kai mu azumi, ya ɗauko mana hoton bidiyo na 'yan tashen unguwarmu, da muryarku kuna yi wa yaran bayani, domin mai sunanku ya fi jin maganarku a kan tawa.

A gaishe da Inna da Gwaggo da duk yaran gida. Mahaifinsu yana gaishe ku da kyau. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
'Yarku