Wasiƙa zuwa ga Mamana a Duluth, jihar Minnesota ta Amurka

Mamana,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin garin nan bai hana ki fita aji ba. Ƙanenki ya buga mini babi huɗun littafin labarinki da kika turo, na karanta su bayan isha'i, na sake bi da asuba. Hannunki ya faɗa, Allah Ya ƙara basira. Amma babi na uku ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro maimakon in kira ki.

Yarinyar labarinki 'yar Ojibwe, ɗaya daga ƙabilun asali na Amurka, mai shekara 17, ta gano yayanta yana sayar da ƙwaya. Cikin shafi ɗaya kika sa ta kira 'yan sanda, kamar wadda aka aika sayen gishiri. Waɗanne 'yan sanda? Shekara 30 ina aikin lauya, kuma kullum tambayata ta farko ita ce wa ke da hurumi. A ƙasashen da aka keɓe wa ƙabilun asali na Amurka, amsar a cukurkuɗe take. Tun 1885 gwamnatin tarayya ta karɓe shari'ar manyan laifuka irin su kisan kai. A 1953 aka miƙa wa jihar Minnesota hurumi a kan yankunan ƙabilun cikinta, aka cire Red Lake. Sai kuma 1978, da Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotun ƙabila ba ta da ikon hukunta wanda ba ɗan ƙabilun asali ba. Ke nan in mai kawo wa yayan kaya Bature ne daga birni, kotun su ba ta isa ta gurfanar da shi ba. Yarinyar ta san haka. Ki tsayar da garinsu tukuna, White Earth ne ko Red Lake, domin wanda zai zo ƙofa ya bambanta.

Kakarta kuma, wadda take kira Nookomis, kin mai da ita tsohuwa mai taurin kai don ta ce kada a shigo da hukuma. Wannan bai yi mini daɗi ba. Tun daga makarantar Carlisle a 1879 aka riƙa kwashe yaransu zuwa makarantun kwana, a aske musu gashi, a hana su yarensu. Sai a 1978 aka yi dokar taƙaita raba yaran ƙabilu da danginsu. Tsohuwar da ta tashi cikin wannan, in ta ga motar gwamnati a ƙofa, ba ceto take gani ba. Ki ba ta bakin faɗin dalilinta.

Ban taɓa ba ki labarin Baffanki yadda ya faru ba. Ni na fara tsintar kwalaben maganin tari a bayan buhunan gero cikin soro, guda bakwai, na zuba su a leda na jefa a masai don kada Hajiya ta gani. Shekara biyu muna rufa masa asiri, muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Cikin shekara biyun nan ya fara sayar wa yaran unguwa. Akwai ɗan maƙwabcinmu da har yau ba ya cikin hayyacinsa, kuma ina gaisawa da mahaifinsa a masallaci kowace asuba. Ranar da na kai Baffanki wurin hukuma da hannuna, Hajiya ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata ba. Har yanzu ina ganin na makara, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Wannan nauyin nake so yarinyarki ta ɗauka kafin ta taɓa waya, ta kuma ci gaba da ɗaukarsa bayan ta ajiye.

Wurin girbin manoomin, wato shinkafar daji, ya yi kyau: mutum biyu a kwale-kwale, ɗaya na tura gora, ɗaya na kaɗe shinkafar daji da sanduna biyu. Na ga alama kin gani da idonki. Sauran al'adun kuwa da jin labari kika rubuta su. Ƙawarki da ta kai ki tafkin, ki roƙe ta ta karanta. In za ki tambayi dattijo, ki je da asemaa, tabar da suke miƙawa a irin wannan roƙo. Suna da labaran da ba a faɗa sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar yadda aka hana ku tatsuniya da rana. Abin da aka ce kada ki rubuta, ki bar shi.

Ki sake babi na uku ki turo mini kafin azumi. Ummanki ta ba da kuka da daddawa a kawo miki, tana gaishe ki.

Mahaifinki