Daga Edinbara: amsar kalmar da ɗalibin Yaya ya tsinto

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da su Anti da yara duk kuna lafiya. Ga bayanin widdershins, kalmar Turancin nan da ɗalibinka ya tsinto ka tambaye ni.

Bayanau ce, ana furta ta "widashinz". Ma'anarta a kewaya abu yana hannun hagu, wato akasin yadda hannun agogo ke tafiya. In kana so aji su gane nan take, ka ce musu yadda ake ɗawafi ne.

Kada yara su tsaga ta su ga shins su ce ƙwauri ake nufi, babu haɗi. Daga tsohon Jamusancin arewa ta fito, weddersinnes, kuma sassa uku gare ta. Wedder na nufin akasi, ɗan'uwan with ɗin da ke cikin withstand. Sin hanya ce ko alƙibla. Sai ɗafa-ƙeyar mallaka mai mai da suna bayanau, irin s ɗin ƙarshen always da besides. A bakin mutanen Sikotland ta fara zama. Gavin Douglas, wani mawaƙinsu, ya sa ta a fassararsa ta waƙar Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, a 1513, kuma ba kewaye yake nufi ba, gashin kai ne da ya miƙe don tsoro.

Batun da ƙamus ke yi cewa akasin tafiyar rana ce daga baya ya shigo, domin sin ta yi kama da sunan rana a bakinsu. Edinbara, babban birnin Sikotland, na wajen digiri 56 arewa, kullum tsakar rana tana kudu. Wanda ya fuskance ta zai ga ta fito ta hagunsa ta faɗi ta damansa. Bin hagu sai ya zama saɓa wa rana, suka camfa shi, har ana jingina shi ga mayu. Bin dama kuwa deasil suke ce masa, daga harshen Gelik.

Nan ne ƙamus zai ruɗa yaranku. Kano na digiri 12, daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta rana ta arewa take bi da azahar. Don haka "akasin tafiyar rana" ba ya tsayawa a wurinmu. Ka koyar da ita da agogo kawai, ka kuma hana su cusa ta a insha'in jarrabawa. Ko a nan sai a littafi ake gamuwa da ita.

A gaida Inna, a ce mata sanyi ya fara sauƙi.

Ƙaninka