Mujiyar da aka gani da rana: a duba dalili kafin a ɗauki dutse

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana a kan abin da ke faruwa a ƙauyukanmu, musamman da kaka. Da an ga mujiya da rana tsaka a kan katanga ko a bakin rumbu, sai yara su fito da danƙo, manya kuma su hau salati, wai za a yi rashi a gidan. Malamai sun riga sun gama wannan magana, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi da tsuntsu, kuma masu sharhi da dama sun ce har da mujiya ake nufi. Namu bayanin na gona ne da rumbu.

Mujiya tana gani da rana sarai. Ɓuya take yi saboda abincinta da dare yake fita, kuma ƙananan tsuntsaye ba sa barin ta ta huta in sun hango ta. Akwai ma wata 'yar ƙarama mai ɗigo-ɗigon fari, mai baƙaƙen tabo biyu a ƙeya kamar idanu, wadda farautar rana al'adarta ce: fara, ƙadangare da ƙananan tsuntsaye take ci. Wadda ta fi zama cikin gidaje kuwa ita ce farar nan mai faffaɗar fuska, mai kwana a silin, a hasumiyar masallaci, a kangon gida ko kogon kuka. In ta fito da rana, ko dai an tashe ta ne, an sare bishiyar ko an ɗaga jinkar rumbu, ko tana da 'ya'ya a sheƙa abincin dare bai ishe su ba, ko an kwana ana ruwa. Gashinta mai laushi ne don kada ɓera ya ji tahowarta, amma yana shan ruwa, sai ta kwana da yunwa ta rama da safe. Mai lafiya tana tashi da an matso. Wadda ta zauna a ƙasa, ido a lumshe, fiffike ɗaya a saɓule, ita ce mai ciwo.

Ga abin da ake asara in an kashe ta. Babba ɗaya tana cin ɓera uku zuwa huɗu a dare, wato sama da 1,000 a shekara, ban da na 'ya'ya. Tana yin ƙwai 4 zuwa 7, tana kwanci kimanin kwana 30, 'ya'yan kuma sai sun yi wata biyu ko fiye kafin su tashi, duk a kan ɓera. Mai shakka ya duba ƙarƙashin inda take kwana, zai ga baƙaƙen curi kamar babban yatsa. Ba kashi ba ne, aman gashi da ƙashi ne. A jiƙa ɗaya, a buɗe da tsinke, za a ga ƙoƙon kan ɓera ko na jaɓa da haƙoransa. Cikin ɓerayen har da mai yawan nonuwa, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. A Maleshiya kafa mata akwati ake yi da gangan a gonakin kwakwar manja da na shinkafa.

Cikin abubuwan da ke kashe ta akwai shinkafar ɓera. Irin maganin da ke tsinka jini ba ya kashewa nan take. Ɓeran yana kwanaki yana yawo a galabaice, kuma shi mujiya ta fi saurin kamawa. Gubar tana taruwa a hantarta har ta zubar da jini ta ciki. Gidan da mujiya ke zaune ya koma amfani da tarkon ɓera, ya toshe ramuka, ya zuba hatsi a durom mai murfi. Sai kuma ruwa: takan faɗa buɗaɗɗen durom ko kwamin shanu wajen wanka, ta jiƙe ta kasa fita. Guntun katako da aka bari yana yawo a kan ruwan yana iya taimaka mata ta fita.

Ɗan mujiya da aka tsinta a ƙasa, fari fat da gashin jarirai, ba yasasshe ba ne, faɗowa ya yi. Iyayen farar mujiya ba sa ciyar da wanda ke ƙasa, don haka a lulluɓe shi da tsumma, a riƙe ƙafafun domin faratan ne ke yanka, a mayar da shi sheƙar kafin magariba. Kada a ɗura masa ruwa ko koko, shaƙewa zai yi. Hucin da ake ji daga silin da dare, wanda ake jingina wa aljanu, kukan yunwar waɗannan 'ya'yan ne. Matacciya kuwa kada a taɓa ta da hannu tsirara, saboda murar tsuntsaye; a binne ta da zurfi.

Wanda wari da ƙarar suka dame shi ya jira 'ya'yan su tashi, sannan ya toshe kafar da raga. In ya toshe suna ciki, mutuwa za su yi su ruɓe a kansa. Kafin nan kafinta ya haɗa akwatin katako da mujiyar za ta koma ciki: tsawo mita ɗaya, faɗi santimita 40, tsayi santimita 60, ƙofa mai faɗi da tsayi santimita 13 can sama, yadda daga bakinta zuwa gindin akwatin zai kai santimita 45. Wannan zurfin shi ne sirrin, don akwati marar zurfi shi ke zubar da 'ya'ya. A huda ƙananan kafofi a gindi da saman gefe don ruwa da iska, a zuba garin katako kaurin yatsa biyu, tunda mujiya ba ta kawo ciyawa. A ɗaura shi a inuwa, aƙalla mita 3 daga ƙasa, kada ƙofar ta kalli gabas inda hadari ke tasowa, kuma kada a yi masa rufin kwano, zafin bazara zai gasa 'ya'yan. In a kan turke ne, a naɗa masa falle na kwano mai santsi saboda muzuru da maciji. Kudan zuma kan riga ta shiga, sai a riƙa leƙawa.

Batun zargin da ake mata na ɗaukar kaji: farar mujiya ba ta kai rabin kilo ba, ba ta iya ɗaga kaza. Babbar mai tukku biyu ce kan ɗauki ɗan tsakon da ya kwana a fili, shi ma rufe akurki da magariba ya raba gardama. Wanda ya ɓace da hantsi kuwa, a tambayi shirwa.

Wassalam,
Wasu malaman gona da ke aiki a karkara