Wasiƙa daga Marsai: kwalin faya-fayai da wanda ya dace da kowa

Marsai, ƙasar Faransa.

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna nan lafiya kamar yadda nake. Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce ina neman albarkarsu. Ina gaida maiɗakinka da yara, da Gwaggo, da dukan mutanen zaure. Yaya Tasawa, yaya zafi?

Kwalin faya-fayan da ka roƙa yana hanya tare da wannan takarda. Na ɗaure su kashi uku. Mai koren ƙyalle na tsakar gida ne, kowa ya kalla. Mai rawaya na manya ne, bayan yara sun kwanta. Mai ja kuwa kada ka kuskura ka saka shi Baba ko Inna suna zaune. Kada ka dogara da abin da aka buga a bayan kwalin. Su a nan suna rubuta cewa fim na kowa da kowa ne, ko an hana 'yan ƙasa da shekara 12 ko 16, amma ma'auninsu ba namu ba ne: jini da duka suka fi dubawa, sumbata da tsiraici ba su cika damunsu ba. Fim sai ya fito da shaidar "kowa ya kalla" alhali akwai wurin da zai sa ka nemi ƙasa ta tsage ka shige in surukarka na kusa. Ɗaurina za ka bi.

Bari in fara da na yaƙi, tunda su Baba zai fara tambaya.

Na sama shi ne Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya shirya a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, da yadda ta tari rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, a watan Afrilun 1899. Sauran tarihin kun fi ni kusa da shi. Rundunar nan ita ta ƙone Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asarsu ya kai Paris aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baki suka kashe su su biyun. Kaburburansu suna nan Maijirgi, kusa da ku. Abu biyu za ka gaya wa Baba kafin a fara. Na ɗaya, a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, wadda ta fito a Sarauniya ma, Aï Keïta, 'yar can ce, don haka kada ya sa ran jin Hausar Arewa. Na biyu, marubucin ya ƙara gishiri. Fadar da za ku gani da yawan dakarun sun fi ƙarfin ƙauyen Lugu na wancan zamani. Abin da ya tabbata shi ne an gwabza, Nasara sun yi asarar mutane, mutanen garin suka janye cikin kurmi, suka dawo bayan rundunar ta wuce. In tsofaffin zaure suka ce "ba haka aka yi ba", kada ka yi musu gardama.

Daga nan sai Camp de Thiaroye na 1988, aikin Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow. Mazan jiya ne da suka yi wa Faransa yaƙi, Jamus ta tsare su, aka dawo da su wani sansani kusa da Dakar. Suka nemi a biya su haƙƙinsu kafin a sallame su, aka buɗe musu wuta ran 1 ga Disamban 1944. Rahoton sojan Faransa na lokacin ya ce mutum 35, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Fim ɗin ya kai kusan awa biyu da rabi kuma tafiyar hawainiya yake yi. Yawancinsa zaman jira ne, da rikici kan abinci, da gardamar canjin kuɗi. Wanda ya zo neman ɗauki-ba-daɗi zai yi gyangyaɗi. Ku raba shi dare biyu. Ka kula da wani soja bebe da ake kira Pays, wanda sansanin Jamus ya taɓa wa hankali. Shi kaɗai ya hango abin da ke tafe, babu wanda ya saurare shi.

Indigènes na 2006 ɗan'uwansa ne amma ya fi shi zafi. Sojojin Aljeriya da Maroko ne, daga Italiya zuwa kudancin Faransa zuwa dusar ƙanƙarar Alzas. Garin nan da nake zaune ma irinsu ne suka ƙwato shi daga hannun Jamus a watan Agustan 1944. Akwai wani wuri cikin jirgin ruwa, ana rabon abinci, aka ce tumatir na Turawa ne kawai. Wani kofur ya ɗauki akwatin tumatirin ya tattake shi da takalmi, don in ba za a ba kowa ba to kowa ya rasa. Wannan ɗan wurin ya fi duk harbe-harben faɗin gaskiya. Fanshon mazan jiya na ƙasashen da Faransa ta mallaka an daskarar da shi tun 1959, sai da fim ɗin nan ya fito gwamnatin Chirac ta sanar da daidaita kuɗin tsofaffin mayaƙa da na Faransawa.

La Bataille d'Alger na 1966 baƙi da fari ne, kada yara su ce faifan ya lalace. Za ka rantse labaran talabijin kake kallo, amma babu hoton gaske ko ɗaya a ciki, duk shiryawa aka yi, kuma kusan dukan 'yan wasan mutanen gari ne. Yacef Saadi, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar neman 'yancin Aljeriya a babban birnin ƙasar, da kansa ya fito. Bai ɓoye laifin kowa ba: ya nuna azabtarwar sojan Faransa, ya kuma nuna mata uku suna ajiye bam inda farar hula ke shan lemo. Shi ya sa yake cikin ɗaurin rawaya. Na Umar Mukhtar kuwa kun sha kallonsa, na sako ne don wannan hotonsa garau yake.

Sai na 'yan sanda da masu laifi. A nan ne ɗaurin ya fi muhimmanci.

Columbo shi ne wanda za ka iya sakawa kowa na zaune. An yi kashi 69 tsakanin 1968 da 2003, na aiko da na shekarun farko don sun fi armashi. Tsarinsa a juye yake: tun farko za a nuna maka wanda ya yi kisan da dabarar da ya bi ya ɓatar da sawu, yawanci wani attajiri ne ko likita ko mashahurin mutum a Los Anjalas. Sannan ɗan sandan ya shigo da yamutsattsiyar rigar ruwa da tsohuwar Fijo 403 mai tari, yana sosa kai kamar bai san komai ba. Ba ya ɗaukar bindiga, ba ya bin kowa da gudu. Tambaya ce kawai, ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, ya juyo da wata 'yar tambayar da ita ce tarkon. Kullum yana zancen matarsa, ba a taɓa nuna ta ba. Inna za ta so shi, don irin mutumin nan ne da ake rainawa har ya kai mai girman kai ƙasa. Kowane kashi labarinsa daban, ka fara da wanda hannunka ya faɗa.

Engrenages, na 'yan sandan Paris, ba haka yake ba. Zango 8 ne, daga 2005 zuwa 2020, kuma kowane zango shari'a guda ce da ake ja daga kashin farko zuwa na ƙarshe. In ka tsallake faifai ɗaya ka ɓata. Jan ƙyalle ne: gawarwaki a fili, da ashar, da sha'anin maza da mata. Na saye shi ne musamman saboda ƙanwarmu mai karatun shari'a a Yamai, don tsarin kotun da ke ciki shi muka gada. Za ta ga yadda aiki ke rabuwa tsakanin 'yan sanda, da mai gabatar da ƙara, da alƙalin bincike, wanda shi ke ba da izinin sauraren waya da binciken gida, shi kuma ke yanke ko magana za ta kai gaban kotu. Za ta ga tsarewar farko ta awa 24 da ake iya ƙarawa zuwa 48, da yadda 'yan sanda ke tsere da agogo kafin lokacin ya cika. Ta lura da bambancin zangunan farko da na baya, don daga 2011 ne doka ta ba lauya damar zama a wurin tambayoyi. Matsalarsa ɗaya, Faransancin titi ne, ba na lakwal ba. Suna juya kalma baibai, mace ta zama "meuf", ɗan sanda ya zama "keuf". Ta kunna rubutun ƙasa na kurame, shi ke rubuta duk abin da aka faɗa.

Les Misérables na 2019 sunansa ɗaya da littafin da aka karantar da ku, amma ba labarinsa ba ne. Wannan kwana guda ne da 'yan kai a unguwar Montfermeil, bayan garin Paris. Yaro ya saci ɗan zaki daga masu wasan dabbobi, 'yan sanda uku suka bi sawu, ɗaya ya harbi yaron a fuska da harsashin roba, wani yaron kuma ya ɗauki abin da ƙaramin jirgi mai kyamara. Ka tara samarin gidanmu masu mafarkin ƙetare hamada ka nuna musu. Benayen da za su gani, da matattakala mai duhu, da samari zaune babu aikin yi, nan ne yawancin baƙi ke ƙarewa.

Na ban dariya ban cika kwalin da su ba, da gangan. Barkwancin da ya dogara da harshe ba ya ƙetare ruwa. Akwai wani da ya tara 'yan kallo sama da miliyan 20 a nan a 2008, amma duk dariyarsa a kan karin harshen mutanen arewacin Faransa take. Kamar ka fassara wa Bature tsokanar Bakatsine da Bagobiri ne, zai tsaya yana kallonka. Na bar shi. Na zaɓo waɗanda jiki ke magana: Chaplin a Les Temps modernes na 1936, inda injin ciyar da ma'aikata ya haukace yana ɗura masa masara da ƙusoshi a baki, da Mr Bean, kashi 15 ne kacal, kowane bai kai rabin awa ba. Duk wanda ya yi dariyar marigayi Ibro zai yi tasu ba tare da tafinta ba. La Grande Vadrouille na 1966 ya haɗa yaƙi da raha: mai fenti da shugaban makaɗa, ba sa ga maciji da juna, dole ta sa su fitar da matuƙan jirgin Ingila daga hannun Jamus. Fuskar Louis de Funès kaɗai ta isa. Intouchables na 2011 yana da daɗi ƙwarai, Omar Sy ne ke jinyar wani attajiri da jikinsa ya shanye, kuma labarin gaske ne, sai dai mai jinyar na ainihi ɗan Aljeriya ne aka mayar da shi ɗan Senegal. An buga masa "kowa ya kalla", ni na sa shi a rawaya saboda hayaƙi da zancen mata.

Yanzu batun na'ura, don kada ka kira ni da dare kana cewa faya-fayan banza na aiko. Dukansu na shiyya ta 2 ne, wadda Turai ke ciki, za ka ga lambar cikin ɗan hoton duniya a baya. Yawancin na'urorin kasuwa suna karɓar kowace shiyya. In hoto ya fito babu launi ko yana birgima, ka shiga saitin na'urar ka mayar da tsarin hoto PAL. In kiɗa da ƙarar bindiga suna tashi amma maganar mutane ta yi ƙasa, ba lasifika ba ce ta mutu: faifan yana kan sauti 5.1, wanda ke tura murya zuwa lasifikar tsakiya da ba ku da ita. Ka shiga inda aka rubuta Langues ka zaɓi 2.0. A nan kuma za ka zaɓi Faransanci ga na Amurka, rubutun ƙasa kuwa yana Sous-titres. In dogon fim ya ɗan tsaya na daƙiƙa guda wajen tsakiya, ƙyale shi, faifan hawa biyu ne, yana sauya hawa. In ka ga fim na awa biyu ya ƙare da ragin minti biyar, ba yanke shi aka yi ba, faifan Turai yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar faifai. Kada a bar shi cikin na'ura bayan kallo, kada a ajiye kwalin kusa da kwanon rufi, lanƙwashewa yake yi kuma ba ya miƙewa. A riƙe shi ta gefe. In ya yi datti, a goge da tsumman auduga mai laushi daga ramin tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba, don ƙarzar da ta bi zagayen rubutun ita ke sa shi tsalle. Lokacin hunturu in na'ura ta fara cewa babu faifai alhali yana ciki, ƙura ce ta rufe idon. A rufa mata ƙyalle bayan ta huce, a kuma zare ta daga bango duk sanda aka ɗauke wuta, don dawowar wutar ce ke ƙona ta.

In Baba ya gama Sarraounia, ka zauna kusa da shi ka rubuto mini abin da ya ce kakanmu ya faɗa masa game da wucewar rundunar nan ta ƙasarmu, da sunayen garuruwan yadda ya ji su. Ka gaya wa Inna zanen da ke ƙasan kwalin nata ne, kada maiɗakinka ta riga ta.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka.