Binciken Gadon Ciwon Ido Bai Iso Maraɗi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan binciken da masana ke yi game da gadon cututtukan ido. Mahaifina da ƙanensa duka sun makance kafin su cika shekara sittin, kuma a unguwarmu an daɗe ana cewa sammu ne, sai daga baya likita ya gaya mana cewa hawan jinin ido ne, wato gilakoma, wadda ke cinye jijiyar gani a hankali ba tare da zafi ba.

Tun a 1997 masana a Amurka suka gano cewa tawaya a ƙwayar gado mai suna MYOC tana haddasa wannan cuta a wasu dangogi, sannan a 2005 aka danganta ƙwayar CFH da lalacewar tsakiyar gani da ke samun tsofaffi. A 2017 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Luxturna, maganin da ke gyara wata makantar gado da ba a cika samu ba, sai dai a 2018 kuɗinsa ya kai dala 850,000, abin da ko attajiran Maraɗi za su ja numfashi kafin su taɓa.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin jinin da aka gudanar da wannan bincike a kansa na Turawa ne, alhali gilakoma ta fi yawa, ta fi tsanani, kuma ta fi kama mutum da wuri a tsakanin baƙar fata. Da aka nazarci ƴan asalin Afirka, ciki har da mutanen Gana da Najeriya, an wallafa a 2019 cewa akwai wata ƙwayar gado, APBB2, mai alaƙa da cutar, wadda binciken Turawa bai nuna ba. To, me zai hana a tsaya a duba mu, mu da auren zumunta ya yawaita a cikinmu?

Ina kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ma'aikatar lafiya su nemi shiga irin wannan aiki, bisa yardar marasa lafiya da iyalansu. Kafin nan, duk wanda aka samu cutar a gidansu, musamman in ya haura shekara arba'in, ya je a auna masa ido, domin ganin da ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana iya tsare wanda ya rage. Mu bakwai muka je awo bara, an samu biyu da ita.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi