Jan tambarin Leica bai kai a ci bashi saboda shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu in yi magana da ƙannenmu masu sha'awar ɗaukar hoto, domin ni sana'ata kenan, hoton biki da suna da walima nake ɗauka, kuma kwanan nan yara sun dame ni da turo hoton wata 'yar ƙaramar kyamara mai jan tambari da suke gani a TikTok da Instagram, wai Oga wannan Leica ɗin ta ci kuɗinta kuwa? Wani ma har cewa ya yi zai saida babur ɗinsa ya cika ya saya, abin ya tsaya min a rai sosai shi ya sa na ce bari in rubuto kowa ya ji.

Ba wanda zai raina Leica. Kamfanin Jamus ne da ke garin Wetzlar, tun 1925 suka fito da ƙaramar kyamara mai fim ɗin 35mm wadda Oskar Barnack ya ƙera, kuma gilashinsu sai dai a sara musu. Amma wadda yaran nan ke nuna min, wato D-Lux, labarinta daban ne. Leica sun daɗe da ƙulla hulɗa da Panasonic na Japan, kuma D-Lux 7 da ta fito a 2018 in ka ajiye ta kusa da Panasonic Lumix LX100 II wallahi uwa ɗaya uba ɗaya ne, riga kawai aka canza. Gilashi ɗaya ne, 24 zuwa 75mm mai buɗewa f/1.7 zuwa f/2.8, sensa ɗaya, wato allon ciki da ke kama hoton, megafiksel 17 duk su biyun. Ta Panasonic ta fito a kan dala 999, ta Leica dala 1,195. To me ka samu da ƙarin kusan dala 200 ɗin? Jiki mai sulɓi, launin hoto da aka ɗan taɓa, sai jan tambari. Ta Panasonic ma ta zo da wurin riƙewa a gaba, ita ta Leica sai ka sake sa kuɗi ka sayi mariƙin daban.

A 2024 suka fito da D-Lux 8 a kan dala 1,595. Sun gyara menu ya yi sauƙi, sun sa madubin leƙe mai kyau, ban musa ba, amma gilashin da sensar dai su ne na da. A shekarar kuma dala ta haura naira 1,500, ka ga kuɗin ya tasam ma miliyan biyu da rabi tun kafin a zo maganar kuɗin jirgi da kwastan da ribar wanda zai kawo maka, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Haba jama'a.

Sannan ga abin da masu tallarta a bidiyo ba za su taɓa faɗa ba saboda ba a garinmu suke zaune ba, ƙura. Irin wannan kyamara gilashinta ba ya cirewa, kuma duk sanda ka kunna ta zum ɗin fitowa yake ya koma, yana zuƙar iska ciki, masu LX100 a ƙasashen da ba su ma san hunturu ba sun daɗe suna kuka da ɗigon ƙura a kan sensa, to ina ga mu da daga Disamba zuwa Fabrairu ko gabanka ba ka gani sosai don hazo? Babbar kyamara in ƙura ta shiga cire gilashi za ka yi ka hure ka goge ka ci gaba da aiki. Wannan kuwa sai an kwance ta gaba ɗaya, kuma ba kowane mai gyara ne zai yarda ya taɓa kayan miliyan biyu ba, in ma ya yarda kai ne hankalinka ba zai kwanta ba.

Kar a ce na yi wa Leica rashin adalci. Akwai Q3 da ta fito a 2023, wannan tasu ce ta kansu, a Jamus ake haɗa ta, babbar sensa mai megafiksel 60, gilashin 28mm f/1.7, an toshe ta daga ƙura da yayyafi, hotonta kuma ko makaho ya shafa ya san an yi aiki. Ta fito a kan dala 5,995. Wanda Allah ya hore wa kuma yana son abin a ransa ya saya, halak ɗinsa ne, kuma in ya tashi saidawa ba ta faɗuwa warwas kamar sauran. Amma ko ita ba zan shiga ɗaurin aure da ita kaɗai ba, zum babu, wurin memori ɗaya ne tak, in katin ya lalace ba za a sake ɗaura maka auren ba don ka ɗauka.

Kuma a lura sunan ma ana ba da shi haya. Wayoyin Huawei sun ɗauki sunan Leica daga 2016, Xiaomi suka karɓa a 2022. Ganin sunan a jikin abu bai nuna daga Wetzlar ya fito ba.

Shawarata ga yaron da yake son ya ci abinci da hoto, ya nemi Canon ko Nikon ko Sony ta hannu mai lafiya, ya haɗa da gilashin 50mm f/1.8 da filasha da batir biyu ko uku saboda halin wutarmu, canjin da ya rage ya riƙe na mota da data, amarya ba ta tambayar sunan kyamara, fuskarta take so ta fito fes a dina. Wanda kuma ƙarama yake so ta yawo, da kuɗin D-Lux 8 akwai Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 a kan dala 1,599 wadda sensarta ta fi girma, megafiksel 40, akwai Ricoh GR III da ke shiga aljihun riga kuma ta fi araha, duk da ita ma ba ta shiri da ƙura. In kuma hoton D-Lux ɗin ne ya shiga ransa, ya nemi LX100 II ta hannu, amma kafin ya biya ya sa ta a f/16, wato ya tsuke ƙofar gilashin sosai, ya ɗauki farin bango ko sararin sama ya buɗe hoton sosai a kwamfuta, in ya ga baƙaƙen ɗigo ya mayar wa mai ita abarsa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto daga Kano